Yadda Za Ka Binciko Bayanan Ma'adinai, Lantarki da Ruwa na Arewacin Kamaru da Wayarka

Bara da kaka kawuna ya kira ni daga ƙauyensu a yankin Mayo-Rai, murya a sama. "Ɗan nan," in ji shi, "wasu mutane sun zo da farar mota, sun kafa turaku masu jan fenti a bakin gonata, sun ɗebi ƙasa a 'yan jakunkuna sun tafi. Jauro ya ce shi ma bai san da zuwansu ba. Gonar za su ƙwace?" Na ce, "Kawu, ka kwantar da hankalinka, ka ba ni zuwa dare." Ina zaune a Garwa, ban taka ofishin kowa ba, kafin sallar isha na san sunan kamfanin, irin lasisin da yake riƙe da shi, da ranar da lasisin zai ƙare. Ba wani sirri na tono ba. Abin yana nan a fili, gwamnati ce da kanta ta baza shi, kawai dai da Faransanci aka rubuta, kuma ba a yi shela a kasuwa ba.

Ga yadda nake bi. Hanyar ɗaya ce, ko maganar haƙar ƙasa ce, ko ta wutar da ake ɗauke mana, ko ta rijiyar burtsatse da aka yi alkawari.

Mataki na farko: ka tsayar da tambaya ɗaya, a kan wuri ɗaya

Wanda ya shiga intanet da niyyar "bari in ga bayanan ma'adinan Kamaru" datarsa za ta ƙare bai tsinci komai ba. Tambayar da ke samun amsa ita ce mai suna da shekara: wa ke riƙe da lasisi a kan ƙasar ƙauyenmu? An sa foraj ɗin unguwarmu, wato rijiyar burtsatse, a kasafin bana? Nawa ya kamata a caje ni kuɗin kilowat ɗaya? Ka rubuta ta a takarda, ka ajiye a gabanka.

Mataki na biyu: ka rubuta sunan wurin yadda takardun hukuma ke rubuta shi

Wannan ƙaramin abu shi ya fi kayar da mutane. Mu mun ce Garwa, takarda ta ce Garoua. Marwa Maroua ce, Gidar Guider, Figil Figuil, Collire Tcholliré, Rai Buba Rey-Bouba, Kuseri Kousseri, Binuwai kuma Bénoué. Injin bincike bai san bakinmu ba. Ƙananan ƙauyuka sun fi wahala, don sunan ƙauye ɗaya yakan fito da rubutu uku a takardu uku: nan Ouro, can Wouro, gaba Wuro. In ka nema ba ka samu ba, ka yanke sunan, ka nemi guntunsa na ƙarshe kaɗai.

Ka kuma san tsanin mulkin da ƙauyen yake kai. Ƙasar tana da yankuna 10, uku a cikinsu namu ne na arewa: Adamawa mai hedikwata a Ngaundere, Arewa mai Garwa, Arewa Mai Nisa mai Marwa. Ƙarƙashin yanki akwai département guda 58 a duk ƙasar, ƙarƙashinsu commune 360. Kusan kowane jadawali na gwamnati a wannan jeri yake tafiya. In ba ka san commune ɗin ƙauyenku ba, ka tambayi lawan ko malamin makaranta kafin ka ci gaba.

Abu na ƙarshe a nan, lambar wurin. Ka buɗe Google Maps, ka danna yatsa a kan gonar ka riƙe, lambobi biyu za su fito. Garwa, misali, tana wajen 9.3 arewa da 13.4 gabas. Ni ɗan kawuna na sa ya tsaya a jikin turken ya turo mini wurin ta WhatsApp.

Mataki na uku: taswirar lasisin ma'adinai

Ma'aikatar ma'adinai, wadda ake taƙaita sunanta MINMIDT, tana da taswira a intanet. Ka rubuta "cadastre minier Cameroun" ko ka haɗa da kalmar Landfolio, sunan manhajar da aka gina ta a kai. Taswirar ƙasar za ta fito cike da akwatuna masu launi kamar zanen atamfa. Kowane akwati lasisi ne ko takardar neman lasisi. Ka ja taswirar zuwa wurinka, ka taɓa akwatin, sai ya nuna maka lambar lasisi, sunan mai shi, abin da yake nema, faɗin filin, ranar bayarwa da ranar ƙarewa. A waya tana da nauyi. In kana da hali ka buɗe ta a kwamfuta, ko ka bari sai bayan sha biyun dare lokacin da layi ya sarara.

A nan ne sai ka nutsu, don launukan ba abu ɗaya suke nufi ba. Permis de recherche izinin bincike ne kawai: a ɗebi ƙasa, a huda rami, a auna. Filinsa yakan yi faɗi ƙwarai, dokar ma'adinai ta 2016 ta yarda ya kai murabba'in kilomita 500, wato yana iya haɗiye ƙauyuka da dama da gonakinsu da makiyayarsu ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan lasisi sukan ƙare ba a haƙi komai ba. Permis d'exploitation shi ne izinin haƙa na sosai, kuma shi ne abin da ya kamata ya sa mutum ya tashi tsaye. Carrière ta dutse ce da yashi da tsakuwa. In ka ga kalmar demande, an nema ne ba a kai ga bayarwa ba.

Na kawu na bincike ne, na zinariya. Na gaya masa turakun alamar inda aka ɗebi ƙasa ne, ba iyakar fili ba. Na kuma gaya masa abin da ba ya so ya ji: a dokar Kamaru abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ko gonar gado ce. Abin da yake da haƙƙi a kai shi ne diyya in an ɓata masa shuka. Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 19 ga Disamban 2023, wadda ta maye gurbin ta 2016, kuma tana nan a shafin fadar shugaban ƙasa ga mai son karantawa.

Don ka gwada hannunka, ka leƙa wuraren da kowa ya sani. Figil akwai farar ƙasa da marmara, can ne kamfanin siminti na Cimencam yake da masana'anta. Minim-Martap a Adamawa akwai boksit, dutsen da ake fitar da alminiyam, lasisinsa yana hannun Camalco, reshen kamfanin Canyon Resources na Ostareliya. Bibemi ana binciken zinariya. Wajen Poli an daɗe da sanin akwai yuraniyom. In ka iya samo waɗannan huɗun, ka iya amfani da taswirar.

Gargaɗi biyu. Taswirar takan makara, lasisin da ya mutu yana iya zama a kai da launinsa, don haka ranar ƙarewa za ka duba ba launi ba. Sannan masu haƙa da diga da tasa, waɗanda su ne mafi yawan masu neman zinariya a Mayo-Rai, ba lallai ka gan su a ciki ba. Rashin akwati a taswira ba ya nufin ba kowa a dajin.

Mataki na huɗu: ina kuɗin suka shiga

Taswira ta gaya maka wa ke wurin. Rahoton ITIE shi zai gaya maka nawa ya biya. ITIE shiri ne na duniya da ke sa ƙasashe masu mai da ma'adinai su bayyana kuɗin da suke karɓa, da Turanci ana ce masa EITI. Kamaru ta shiga a 2007, Cadi a 2010. Dabarar rahoton mai sauƙi ce, irin ta 'yan kasuwar da ke lissafi da littafi biyu: a tambayi kamfani nawa ya biya, a tambayi baitulmali da kwastan da ofishin haraji nawa suka karɓa, a jera, a ga inda bai haɗu ba.

Rahoton yakan kai shafi ɗari biyu ko fiye. Kada ka karanta shi daga farko. Ka sauke PDF ɗin, ka taɓa alamar bincike, ka rubuta sunan kamfanin da ka gani a taswira. In kuma commune ɗinku ce damuwarka, ka rubuta "transferts infranationaux". A ƙarƙashin wannan take ne ake bayanin kason harajin haƙa da doka ta ware wa commune da mutanen da ke zaune kusa da wurin aiki, da abin da aka ce an tura. Mutanen Figil da ke shan ƙurar farar ƙasa, wannan shafin nasu ne.

Rahoton yakan fito bayan kusan shekara biyu da shekarar da yake magana a kai, don haka ka dubi shekarar lissafin, ba shekarar bugawa ba. Ka kuma sani cewa a 2024 hukumar shirin ta dakatar da Kamaru saboda yadda ake takura wa ƙungiyoyin farar hula a cikin aikin. Wannan bai goge tsofaffin rahotanni ba, suna nan.

Zinariya tana da nata labarin daban. Abin da kwastan ɗin Kamaru ke rubutawa an fitar a shekara a kilo ake ƙirga shi. Abin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke rubutawa ta shigar daga Kamaru a tan ake ƙirga shi. Kana iya ganin wannan da idonka a rumbun cinikayya na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UN Comtrade: ka zaɓi Daular a matsayin mai bayar da rahoto, Kamaru a matsayin abokiyar ciniki, lambar kaya 7108, wato zinariya. Sai ka juya, ka sa Kamaru ta zama mai rahoto. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce zinariyar da ta bi ta bayan gida. Wannan dabara ta tambayar mai saye maimakon mai sayarwa tana aiki a kan kowane irin kaya.

Na mai kuwa, kamfanin gwamnati SNH, wanda aka kafa a 1980, yana wallafa yawan gangar da aka haƙo da kuɗin da ya zuba a baitulmali. Kuɗin da Kamaru ke karɓa na wucewar man Cadi ta bututun Doba zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070 da ya fara aiki a 2003, shi ma yana cikin rahoton ITIE ƙarƙashin sunan COTCO, kamfanin da ke kula da bututun a ɓangaren Kamaru.

Mataki na biyar: ka koyi karanta lamba irin ta Faransanci kafin ka buɗe baki a taro

Nan ni na sha kunya, bari in faɗa don kada wani ya sha. A taron ƙungiyar unguwarmu na tashi da takarda a hannu, na ce an ware wa foraj ɗinmu sefa dubu takwas da ɗari biyar, ina ta faɗa ina cewa wannan raini ne, ko buhun siminti biyu ba zai saya ba. Wani dattijo, tsohon akawu, ya miƙo hannu. "Malam, ba ni takardar." Ya ɗora tabarau, ya sa yatsa a saman jadawalin inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe "en milliers de FCFA". Ashe kowace lamba sai an ninka ta sau dubu. Miliyan takwas da rabi ne. Aka yi ta dariya, na zauna.

To ka kiyaye: ka fara karanta kan jadawali, ka ga ko a milliers ne, ko millions, ko milliards, wanda shi ne biliyan. Waƙafi a Faransanci shi ne ɗigon Turanci, 2,5 biyu da rabi ke nan. Dubbai kuma da tazara ake raba su ko da ɗigo, 1 500 da 1.500 duka dubu da ɗari biyar ne. In ka kwafi lamba daga takardar Faransanci zuwa shafin Turanci ba ka gyara wannan ba, ka haifi ƙarya da hannunka.

Mataki na shida: wutar lantarki

Abin da za ka fara sani shi ne wutar arewa ba ta haɗe da ta kudu. Takardu suna kiran namu layin RIN, na kudu RIS. Shi ya sa in ka ji an ce madatsar Nachtigal ta ƙara wa ƙasa megawat 420, kada ka yi tsammanin fankarka za ta ji a jikinta a watan Afrilu, sai ranar da aka gama layin da zai haɗa sassan biyu. Mu uwar wutarmu Lagdo ce, a kan kogin Binuwai, Sinawa suka gina ta aka gama a 1982, injuna huɗu, megawat 72 gaba ɗaya. Sai injunan dizal irin na Jambutu a nan Garwa, sai gonakin hasken rana na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023, su biyun sun haura megawat 30. A duk rahoton da ka buɗe, ka nemi layin da aka rubuta RIN, shi ne naka.

Ka kuma raba megawat da megawat-awa. Na farko girman bakin tulu ne, na biyu ruwan da ya zubo a zahiri. Lagdo megawat 72 ce a takarda ko da rani ko da damina, amma in ruwan tafkin ya ja baya a bazara abin da take bayarwa yakan faɗi ƙasa da haka nesa, a daidai lokacin da zafi ya sa kowa ya kunna abin da yake da shi. Jadawalin puissance installée, wato ƙarfin injuna a takarda, ba zai nuna maka wannan ba. Na production, wato wutar da aka samar a zahiri, shi zai nuna, musamman in an kasa shi wata-wata.

Inda za ka nema: rahoton shekara na kamfanin rarraba wuta, da na hukumar sa ido ARSEL, da na SONATREL mai kula da manyan layuka tun da aka kafa ta a 2015, da shafin ma'aikatar ruwa da makamashi MINEE. Kamfanin wutar ya sha canza suna, Sonel ne, ya koma AES-Sonel a 2001, ya koma Eneo a 2014. In tsohuwar takarda kake nema, ka nema da tsohon suna.

In takardar kuɗin wuta ce ta ɗaure maka kai, farashin ba kamfani ke yanka shi ba, ARSEL ce, kuma shawarar tana shafinta. A tsarin 2012 na gidaje, wanda bai wuce kilowat-awa 110 a wata ba yana biyan sefa 50 a kan kowane ɗaya, wanda ya wuce zuwa 400 yana biyan 79. Ka duba ko akwai sabuwar shawara da ta shafi irin mitarka, sannan ka raba kuɗin da aka caje ka da yawan abin da ka sha, ka cire haraji da kuɗin haya, ka gani ko sun yi daidai.

Bankin Duniya yana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen Kamaru suna da wuta, a Cadi bai kai kashi 15 ba. Lambar gaskiya ce, amma Duwala da Yawunde ne suka ɗaga ta. A karkara kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, kuma "yana da wuta" a wannan lissafi ba ya nufin wutar tana zuwa kullum. Don ka ga yankinka shi kaɗai, sai ka je wurin hukumar ƙididdiga INS, ka sauke binciken gidaje na ECAM, na biyar ɗinsa an yi shi a 2021 zuwa 2022, ka nemi jadawalin da aka raba yanki-yanki.

Mai son sa sola a shago ko a gona ya buɗe Global Solar Atlas, ya taɓa garinsu. Kyauta ne. Wajen Marwa rana tana ba da kusan kilowat-awa 6 a kan kowace murabba'in mita a yini.

Farashin fetur da gas kuma hukumar CSPH ce ke fitar da jadawalinsa, har da abin da aka ɗora na dako zuwa rumbunan arewa. A Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840. Sai dai duk wanda ke zaune a nan ya san babura nawa ne ke shan na gidan mai, nawa ke shan zuwa-zuwa na kwalba daga Najeriya. Wannan ba ya cikin kowane jadawali, saboda haka alƙaluman shan mai na arewa ka karɓe su da hannu ɗaya.

Mataki na bakwai: ruwan sha

A nan takardun da suka fi amfani ba na manyan hukumomi ba ne, na kusa ne, kuma guda uku ne da ke bin juna kamar sawu.

Ta farko ita ce Plan Communal de Développement, ana ce mata PCD. Kusan kowace commune tana da ita, shirin gwamnati na raya karkara, PNDP, ne ya taimaka aka rubuta. A ciki akwai jadawali ƙauye-ƙauye: rijiya nawa, foraj nawa, nawa ke aiki, nawa suka lalace, mutum nawa. Ka rubuta PCD da sunan commune ɗinku. Wasu sun haura shekara goma, to ka dubi shekara, amma ko tsohuwar tana da amfani, don tana nuna tun yaushe hukuma ta san da matsalar.

Ta biyu Journal des projets, wanda ma'aikatar tsare-tsare MINEPAT ke fitarwa a farkon kowace shekara. Shi ne jerin ayyukan kasafin zuba jari na gwamnati, BIP, yanki-yanki har zuwa sunan ƙauye da kuɗin da aka ware. Ka sauke na yankinku, ka nemi sunan ƙauyen da kalmar forage. A nan na samo takardar da ta ba ni kunya.

Ta uku shafin hukumar kwangiloli ARMP. In an sa aiki a kasafi, sai an yi sanarwar neman 'yan kwangila, sannan a sanar da wanda ya ci, da kuɗin, da wa'adin gamawa. In ka samu aikin a takarda ta biyu ba ka same shi a ta uku ba, ko dai ba a bayar ba tukuna, ko ba a wallafa ba. In ka same shi a duka biyun, wa'adi ya wuce, kuma a filin ba ko digon ruwa, to yanzu kana da sunan ɗan kwangila da lambar kwangila, maganarka ta tashi daga ƙorafin gindin bishiya.

Kafin a kashe kuɗin gudummawa a haƙa, ka leƙa Africa Groundwater Atlas na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya. Akwai shafin Kamaru, akwai na Cadi. Ba zai ce maka "haƙa nan" ba, wannan aikin mai auna ƙasa ne, amma zai fahimtar da kai dalilin da ya sa foraj a dutsen yashi na kwarin Garwa yake ba da ruwa a yalwace, na gindin duwatsun Mandara kuma yakan fito a bushe ko ya ba da kaɗan. A wasu sassan Mayo Tsanaga ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da sinadarin fulorayid fiye da kima, shi ke rina haƙoran yara. Ruwa ya fito garau ba hujja ba ce, a kai shi awo.

Alƙaluman ƙasa baki ɗaya suna wurin shirin haɗin gwiwa na WHO da UNICEF mai suna JMP. Abin lura a can shi ne ma'anar kalmomi. Ruwan da suke kira na matakin "basic" shi ne mai tsabtataccen tushe wanda zuwa da layi da dawowa bai wuce minti 30 ba. In ya wuce, ya faɗa matakin ƙasa. Yarinyar da ke kwana a layin famfo da jarka a Marwa, a wannan ma'auni, ba a lissafa ta cikin masu ruwan matakin "basic", ko da famfon sabo ne. Ruwan famfo na birane kuwa CAMWATER ce ke riƙe da shi gaba ɗaya tun 2018.

Mataki na takwas: koguna da ambaliya

Binuwai tana zuba a kogin Kwara, don haka bayananta suna wurin hukumar kula da kogin Kwara, ABN, da ke Yamai. Logon da Shari suna zuba a tafkin Cadi, su ne ke kawo masa kusan kashi 90 na ruwan da koguna ke ba shi, nasu bayanan suna wurin hukumar tafkin Cadi, CBLT, a Njamena, wadda Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964. Da damina, rahotannin OCHA, ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, a shafin ReliefWeb sun fi saurin fitowa, kamar yadda aka gani a ambaliyar Yagwa da Kuseri ta 2022 da 2024. Abin mamaki, labarin sakin ruwan Lagdo sau da yawa daga NIHSA, hukumar lura da koguna ta Najeriya, ake fara jin sa, saboda abin da ambaliyar 2012 ta koya musu. In kana son ganin yadda tafkin Maga ko tafkin Cadi ke cika da janyewa tun 1984, Global Surface Water Explorer yana nuna shi da hotunan tauraron ɗan adam.

'Yan'uwa na Cadi da ke ƙetaren gadar Ngeli, matakan nan duka naku ne, sunaye kawai za ku canza. INSEED a madadin INS, binciken ECOSIT a madadin ECAM, SHT a madadin SNH, STE ta ruwa. Matatar Jarmaya da ta fara aiki a 2011 da rijiyoyin Doba suna cikin rahoton ITIE na Cadi, wasu kwangilolin man ma ana samunsu a shafin ResourceContracts.

Mataki na tara: ka adana, sannan ka ɗauki ƙafa

Duk abin da ka samu ka sauke shi a ranar. Shafukan hukuma sukan ɓace ba sallama, har na manya: a 2025 da Amurka ta rufe USAID, shirin DHS da ya tallafa wa binciken lafiya na Kamaru na 2018 ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ka ɗauki hoton fuskar waya, ka sa wa fayil suna mai shekara, ka tura wa wani kwafi. In shafi ya riga ya mutu, ka liƙa adireshinsa a Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet, sau da yawa akwai tsohon hotonsa. A gefen kowace lamba ka rubuta abu uku: wa ya ƙirga, a wace shekara, da wane ma'auni. Yawan jama'ar ƙauyen da za ka gani a takardu da yawa hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2005, ba sabon ƙirge ba.

Abin da intanet bai ba ka ba, ofis za ka je: magatakardan commune don maganar foraj, wakilin ma'aikatar ma'adinai ko ta ruwa na département don lasisi da layin wuta. Ka rubuta wasiƙa gajera da Faransanci, da sunan ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi, ka sa lambar lasisin ko ta kwangilar a layin farko, ka liƙa tambur, ka haɗa da shafin da ka buga. Ka tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ka dawo da shi gida. Kawu haka ya yi, jauro ya raka shi. Da masu farar motar suka dawo bayan wata huɗu za su huda rami a cikin gyaɗarsa, ya shiga ɗaki ya fito da takardar mai hatimi a cikin leda, ya kira musu lambar lasisinsu da ka, ya ce a zauna a auna abin da za a ɓata tukuna. Suka kashe mota, aka shimfiɗa tabarma.